Wa Ya Ba Shi Izinin Shiga Gidan Mutane? Lacca kan Lasisin Ma'aikatan Jin Daɗin Jama'a

 

A watan Disamba na shekarar 2022, Shugaban Ƙasa na lokacin, marigayi Muhammadu Buhari, ya sa hannu a kan dokar da ta kafa Majalisar Kula da Aikin Jin Daɗin Jama'a ta Nijeriya. Labarin bai yi amo ba, domin ya zo ana tsakiyar hayaniyar yaƙin neman zaɓe da maganar canjin kuɗi. Abin da dokar ta nufa shi ne a samu hukuma guda da za ta faɗi irin ilimin da mutum zai mallaka kafin ya kira kansa ma'aikacin jin daɗin jama'a, ta ajiye rajistar waɗanda suka cancanta, ta kuma ladabtar da wanda ya ci amanar aikin. Likita yana da irin wannan hukuma, haka ma'aikaciyar jinya da injiniya. Malamin makaranta ma yana da tasa, wato TRCN, tun 1993. Ma'aikacin jin daɗin jama'a ne aka bari a baya, shekara da shekaru.

Idan ma'aikatanmu suka zauna suna tattauna wannan doka, abin da na fi ji a bakinsu shi ne martaba: yanzu za a san da mu, za a gyara mana matakin albashi, za mu tsaya kafaɗa da kafaɗa da likitoci. Ban ga laifinsu ba, sun daɗe ana yi musu kallon 'yan rakiya. Amma ni abin da ya kawo ni gabanku yau daban ne. A ganina, wanda ya fi kowa buƙatar wannan lasisi shi ne mutumin da ake yi wa aikin, wanda ba shi da bakin magana, kuma ba shi da wanda zai tsaya masa. Idan muka manta da shi, lasisin zai zama wata sabuwar takarda da ake biyan kuɗi a karɓa a rataye a bango.

Mu duba irin ikon da ke hannun wannan ma'aikaci, domin mutane da yawa ba su san girmansa ba. Dokar Kare Haƙƙin Yara ta Tarayya ta 2003, wadda jihar Nasarawa ta kasance cikin jihohin Arewa na farko da suka karɓe ta a 2005, ta tanadi kotun iyali. Ta kuma ce kafin alƙali ya yanke hukunci a kan yaron da ya yi laifi, sai an kawo masa rahoto a kan gidansu da tarbiyyarsa da halin da ya kai shi ga laifin. Wa ke rubuta wannan rahoto? Ma'aikacin jin daɗin jama'a. Layi biyu daga alƙalaminsa suna iya mayar da yaro hannun uwarsa, suna kuma iya tura shi gidan kangararrun yara. Idan aka tsinci jariri, shi ke bincikar gidan da ya nemi a ba shi riƙo. Idan aure ya mutu ana ja-in-ja a kan 'ya'ya, maganarsa tana da nauyi. A asibiti, shi ke tantance majinyacin da ya gaza biyan kuɗi da gaske. Yarinyar da aka yi wa fyaɗe, sau da yawa shi ne na farko da take buɗe wa baki, kafin ma 'yan sanda. Mu da muke zaune a Lafiya, garin da sarkinsa, Mai Martaba Sidi Bage Muhammad na Ɗaya, ya yi alƙalanci har Kotun Ƙoli, bai kamata a tsaya yi mana dogon bayani a kan nauyin takardar da ake miƙa wa alƙali ba.

To, mutumin da ke da wannan iko duka, har zuwa kwanan nan babu wata doka ta ƙasa da ta ce ga abin da ya wajaba ya sani. Wanda ya karanta aikin shekara huɗu a jami'a da wanda aka ɗauko daga wani ofishi aka ajiye a teburin domin babu inda za a kai shi, sunansu ɗaya. Wanda ya tona asirin marar lafiya a unguwa, in an matsa, sai a canza masa wurin aiki, gobe ya ci gaba a wata ƙaramar hukuma. Wanda wata ƙungiya ta kora saboda ya taɓa yarinya, sai ya ɗauki takardunsa ya nufi wata ƙungiyar a Mararaba ko Abuja, babu wani kundi da za a buɗe a ga sunansa.

Kada wani ya ce wannan tunani baƙo ne da aka shigo mana da shi. A Bagadaza, a shekarar 931, bayan wani marar lafiya ya mutu a hannun mai magani, Halifa al-Muƙtadir ya umarci babban likitansa, Sinan ibn Sabit, da ya jarraba duk masu aikin likitanci a birnin, kada wanda ya ƙara taɓa majinyaci sai da izini. Malaman fiƙihu kuma sun daɗe da tabbatar da cewa wanda ya yi wa mutum magani alhali ba a san shi da ilimin magani ba, to lamunin abin da ya lalata yana wuyansa. Kyakkyawar niyya ba ta wanke shi. Abin da muke nema a yau shi ne a shimfiɗa wannan ƙa'ida ta kai ga mai taɓa rayuwar iyali, kamar yadda ta kai ga mai taɓa jiki.

Tarihin aikin a ƙasarmu gajere ne, zan bi ta kansa da sauri. A matsayinsa na aikin gwamnati, a Legas ya fara a zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da wani jami'in Turawa mai suna Donald Faulkner ya shiga lamarin yaran da ke gararamba a titi. Daga nan aka yi dokar yara da matasa ta 1943, Jihar Arewa kuma ta yi tata a 1958. Bayan yaƙin basasa, da marayu da nakasassu suka yi yawa, gwamnatin soja ta fitar da dokar raya jin daɗin jama'a a 1974, ƙungiyar ma'aikatan ta ƙasa, NASoW, ta kafu a 1975. Ku lissafa: daga 1975 zuwa 2022, shekara 47 ke nan ana neman doka.

Akwai wani mataki a wannan tafiya da nake so mu tsaya a kansa. Majalisar Tarayya ta taɓa zartar da ƙudurin, amma a farkon 2018 Shugaba Buhari ya ƙi sa hannu. Dalilin da ya bayar shi ne ƙudurin ya hana wanda ba ɗan rajista ba yin aikin, alhali bai fayyace iyakar aikin ba. Ma'aikata da yawa sun ji zafi a lokacin. Ni kuwa ina ganin tambayar tana kan hanya, kuma har gobe ita ce tambayar da za ta fi ba mu wahala a nan Nasarawa. Ina aikin jin daɗin jama'a ya fara, ina ya ƙare?

Mai unguwar da ke sasanta miji da mata a zaurensa, aikin jin daɗin jama'a yake yi. Limamin da ke tara wa gwauruwa kuɗin haya, da matan zumunta na coci da ke kai wa marar lafiya abinci, da matan ƙungiyar Musulmi ta FOMWAN da suke wannan hidima tun 1985, duk shi suke yi. Ba a taɓa raba al'ummarmu da wannan ba, kuma duk dokar da ta nemi ta ce sai da takarda za a taimaki maƙwabci, ta mutu tun kafin ta bar Abuja. A Ingila, tun 2005, abin da doka ta killace shi ne sunan: laifi ne mutum ya kira kansa da sunan wannan sana'a ba tare da rajista ba, amma ba a hana kowa taimako ba. Nan ya kamata mu ma mu ja layinmu. Taimako na kowa ne. Amma akwai ayyukan da ake yi da ƙarfin hukuma: raba yaro da iyayensa, rubuta rahoton kotu, amincewa da riƙon jariri, shugabantar gidan marayu ko gidan gyaran hali inda ake kulle ƙofa a kan mutane. Waɗannan kam sai mai lasisi, wanda in ya yi ba daidai ba akwai inda za a kai ƙararsa.

Na ambaci kulle ƙofa da gangan. A watan Satumba na 2019, 'yan sanda suka shiga wani gida a Rigasa ta Kaduna suka fito da mutum fiye da 300, manya da yara, wasu da mari a ƙafa, jikinsu duk tabo. Makonni kaɗan bayan haka aka gano irinsa a Daura. Abin da ya fi taɓa ni a wannan lamari shi ne yawancin waɗannan mutane iyayensu ne suka kai su da hannunsu, har suna biyan kuɗi. Ɗa ya faɗa shaye-shaye, ko ƙwaƙwalwarsa ta taɓu, uwa ta rasa inda za ta sa kanta, sai ta kai shi wurin da aka ce ana gyara hali. Ba ta da hanyar sanin ko mai gidan ya san aikin, kuma babu wanda ke leƙawa ya ga abin da ke gudana a ciki. Wannan uwa ita ce mai buƙatar lasisin da nake magana a kai. Dominta ake yin sa.

Mu dawo gida. A 2020, lokacin annobar korona, gwamnonin Arewa suka yanke shawarar mayar da almajirai jihohinsu, kuma Nasarawa tana cikin jihohin da suka loda yara a motoci. Ba hikimar shawarar nake son mu tattauna yau ba. Ku dai tuna da aikin da ke biyo bayan saukar yaro daga mota. Sai an zauna da shi an san sunan ƙauyensu, wanda wani yaron ma ya manta. Sai an gano iyayen, an tabbatar su ne, an duba ko gidan da ya baro zai iya riƙe shi, an kuma koma bayan wata biyu a ga ko yana nan ko ya sake kama hanya. Haka abin yake ga waɗanda rikici ya raba da gidajensu a Awe da Keana da Obi da Doma, da waɗanda ambaliyar Binuwai ta 2012 da ta 2022 ta tasa. Rabon shinkafa da tabarma kowa zai iya. Amma gane yarinyar da ta daina magana tun daren da aka ƙona garinsu, da sanin yadda za a tunkare ta ba tare da an ƙara mata ciwo ba, wannan ilimi ne da ake koyo, kuma wanda bai koya ba yana iya ɓarna yana ganin alheri yake yi.

Saboda haka lasisi na gaskiya ba ya tsayawa a kan shaidar kammala karatu. Dole ya haɗa da horo a fagen aiki a ƙarƙashin idon wanda ya riga ka, dole a riƙa sabunta shi, dole kuma ya zama abin da za a iya ƙwacewa. Wannan na ƙarshen shi ne ƙashin bayansa. Ina kuma so hukumar ta ɗauki tona asiri a matsayin laifi mai girma daidai da cin kuɗi. Lafiya gari ne da kowa ya san kowa. Matar da ta faɗa wa ma'aikaci cewa tana ɗauke da cuta mai karya garkuwar jiki, ko cewa ƙanin mijinta ne ya lalata 'yarta, ta damƙa masa aurenta da mutuncinta, wani lokaci ma har da ranta. In maganar ta fita ta bakinsa, ba canjin wurin aiki ya dace da shi ba. A soke sunansa daga rajista, a kuma sanar.

Yanzu ga ɓangaren da nake jin tsoro, kuma ina roƙon shugabannin ƙungiyoyinmu su saurare ni da kyau. Lasisi ƙofa ce, ƙofa kuwa tana shigarwa, tana kuma hanawa. A Amurka, inda kowace jiha ke ba da nata lasisin bayan jarrabawa, hukumar da ke shirya jarrabawar ta fitar da alƙaluma a 2022 da suka nuna baƙaƙen fata da masu manyan shekaru da waɗanda Ingilishi ba harshen uwarsu ba ne suna faɗuwa fiye da sauran, da tazara mai yawa. Jihar Illinois ma ta cire jarrabawar daga matakin farko na lasisinta. Wato sai ga shi unguwannin da suka fi buƙatar ma'aikaci daga cikinsu, su ne aka fi tare wa 'ya'yansu hanya.

Ku auna wannan da jiharmu. Ƙananan hukumomi 13 gare mu, da harsuna masu yawa: Eggon, Alago, Gwandara, Mada, Migili, Afo, Gbagyi, Tibi, Fulatanci, Hausa da sauransu. Tsohuwar da ke wani ƙauye a bayan Nasarawa Eggon ba za ta faɗi abin da ke cikin ranta ta bakin tafinta ba, balle in tafintan ɗan unguwarsu ne. A ofisoshin ƙananan hukumominmu akwai mata da maza da suka shekara ashirin suna wannan aiki da difloma, wasu da digirin ilimin zamantakewa, sun san kowane dagaci, sun san gidan da ake shiga da sallama da gidan da sai an bi ta hannun kawu. In aka ce daga yau sai mai digirin wannan fanni kaɗai, an kori waɗannan, kuma babu wanda zai maye gurbinsu. Jami'ar Tarayya ta Lafiya, wadda aka kafa a 2011, tana koyar da fannin, abin alfahari ne a gare mu, amma ɗalibanta daga ko'ina cikin ƙasa suke zuwa, kuma yawancinsu can za su koma.

Maganin wannan ba sai mun ƙirƙiro shi ba. Afirka ta Kudu, wadda dokarta ta wannan fanni ta samo asali tun 1978, tana yi wa mataimakan ma'aikata rajista a matakinsu, suna aiki a ƙarƙashin kulawar mai cikakken lasisi. A nan gida ma ɓangaren lafiya ya riga mu. Da aka ga likitoci ba za su isa kowane ƙauye ba, sai aka horar da jami'an lafiya na al'umma, aka kafa musu hukumar rajista a 1992, aka yi musu matakai daga ƙarami zuwa babba, kowane mataki da abin da aka yarda ya yi da abin da zai tura gaba. Su ne ke riƙe da ƙananan asibitocinmu na karkara a yau. Irin wannan tsani nake so a yi wa aikin jin daɗin jama'a: a yi wa tsofaffin hannu rajista bisa shekarun aikinsu tare da gajeren horo, a buɗe musu hanyar ƙaro karatu suna bakin aiki, ko a jami'ar nan, ko a Jami'ar Jiha da ke Keffi, ko a kwalejin kimiyya da fasaha ta Isa Mustapha Agwai. Kuɗin rajista kuma a sa shi daidai da aljihun ma'aikacin ƙaramar hukuma. In sai mutum ya ci bashi ya hau mota zuwa Abuja kafin ya sabunta lasisi, to mun san ƙarshen zancen: ba zai sabunta ba.

Akwai kuma nauyin da ke kan gwamnati, wanda lasisi ba zai sauke mata ba. A Landan, a watan Fabrairu na 2000, wata yarinya 'yar shekara takwas daga Kwaddebuwa, Victoria Climbié, ta mutu sakamakon azabar da 'yar'uwar kakanta da saurayinta suka yi mata. Binciken da Lord Laming ya jagoranta ya gano aƙalla sau 12 hukumomi suka samu damar ceton ta suka bari ta wuce. Ma'aikaciyar da aka damƙa wa lamarin tana da shaidar karatu, amma sabuwar hannu ce, aiki ya yi mata yawa, kuma ba ta samu mai duba aikinta yadda ya kamata ba. Idan haka ta faru a inda ake da mota da waya da albashi a kan kari, me muke tsammani daga ma'aikaci guda da aka bar wa gundumomi da yawa, babu babur, babu ko kabad mai makulli da zai adana fayil? Ba adalci ba ne a ce za a ƙwace lasisinsa don bai kai ziyara ba, alhali ba a ba shi abin zuwa ba. Mun ga an gina Makarantar Masu Buƙata ta Musamman a garin nan a zamanin Gwamna Umaru Tanko Al-Makura, aka buɗe ta a 2018, don haka mun san jihar nan tana iya kashe kuɗi a kan raunana in ta sa kanta. Abin da ya rage shi ne a ɗauki mutane aiki, a rubuta a tsarin ma'aikatan jiha cewa kujerar jin daɗin jama'a ta mai rajista ce, a daina mayar da ita wurin ajiye wanda aka rasa yadda za a yi da shi. In ba a yi haka ba, lasisin zai fi amfanar Ingila da mu, domin suna ɗibar ƙwararru daga ƙasashen Afirka, kuma takardar da za mu ba yaranmu ita ce za ta sauƙaƙa musu tafiya.

'Ya'yana ɗalibai, ku kam dokar ta same ku a kan hanya, ba ku da uzuri. Ku koyi rubuta abin da kuka gani dabam da abin da kuka ji an ce, ku sa rana da lokaci, domin wata rana lauya zai ɗaga takardarku a gaban alƙali ya tambaye ku kalma bayan kalma. Ku koyi harshe guda bayan naku. Kada ku karɓi ko goro daga gidan da kuke bincike a kansa.

Buƙatata ga Ma'aikatar Harkokin Mata ta jiha ba ta jiran Abuja. A ƙirga duk masu wannan aiki a jihar nan, na gwamnati da na ƙungiyoyi, da kowane gidan marayu da gidan gyaran hali, a san wa ke shugabantarsa da abin da ya karanta. A ba kowane ma'aikaci katin shaida mai hoto da lamba. Sannan a buɗe teburin karɓar ƙorafi a nan Lafiya, a wajen ofishin da ake ƙorafi a kansa, wanda zai saurari mutum da bakinsa ko da bai iya rubutu ba. A sanar da shi a gidan rediyon jiha da Hausa da Eggon da Alago da sauran harsunanmu, a kuma gaya wa mutane a fili cewa duk wanda ya zo ƙofarsu ya ce daga hukuma yake a kan maganar 'ya'yansu, suna da haƙƙin su nemi ganin katinsa su rubuta lambar kafin su shimfiɗa masa tabarma.